Ƙanwata ta ce za ta ba ni ƙwanta, surukata ta ce ɗan kwalba ba ɗan sunna ba ne

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni mace ce 'yar shekara 36, ina zaune Mabera cikin garin Sakkwato. Shekararmu tara da aure. Sau ɗaya na taɓa samun ciki, a shekara ta biyu, ya zube anka yi mani wankin ciki, tun daga nan shiru. Bara munka je asibiti anka yi mani hoton mahaifa, anka ce hanyoyin ƙwaina duka biyu sun toshe, ɗaya ma ta kumbura da ruwa. Maigidana ma an auna shi sau ɗaya, anka ce ƙwayoyin maniyyinsa miliyan 5 ne kuma ba su da kuzari, amma ya hana ni gaya wa kowa. Likita yac ce ba mu da hanya sai dashen ƙwai, wanda suke kira IVF. Munka tuntuɓi wani asibitin kuɗi a wata jiha, sai wata ma'aikaciya tac ce mani shekaruna sun ja, gara in karɓi ƙwan wata yarinya, ba wanda zai sani. Da na gaya wa ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, mai 'ya'ya huɗu, sai tac ce ita za ta ba ni nata, ko ma ta ɗaukar mani cikin. Inna kuwa, mahaifiyar maigidana, cewa take ɗan kwalba ba ɗan sunna ba ne, gara ɗanta ya ƙara aure. Ina da fili guda da sarƙar zinariya, su nike son sayarwa. Don Allah ku gaya mani gaskiya, wagga hanya halas ce? In karɓi tayin ƙanwata? Kuma mi zan tarar in na je?

'Yar'uwarku daga Mabera

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya dubi haƙurinki na shekara tara. Dashen da za a yi da ƙwanki, da maniyyin mijinki, a mahaifarki, kuna cikin igiyar aure, manyan majalisun fiƙihu na Ahlus Sunna sun halatta shi. Ƙwan wata mace, ko da ƙanwarki ce, da aron mahaifa, waɗannan majalisun sun hana. Fili da sarƙa kuma kada ki taɓa su tukuna, domin akwai gwaje-gwajen da ba ki ambata ba, kuma su ne za su nuna ko kuɗin zai tafi inda ya dace.

Kwalbar da Inna take ƙyama, babu jaririn da ya taɓa girma a cikinta. A halitta, ƙwan mace da maniyyin namiji suna haɗuwa ne a cikin hanyar ƙwai, sannan abin da ya haɗu ya gangaro mahaifa. Taki hanyar ta toshe, don haka ake haɗa su a ɗan ƙaramin faranti a ɗakin gwaji, su yi kwana 3 zuwa 5, lokacin girman ɗan tayin bai kai ɗigon alƙalami ba, sai a mayar da shi mahaifarki. Sauran watanni tara duk a jikinki ne, jininki zai ci, ke za ki yi laulayi, ke za ki yi naƙuda. Jaririya ta farko da aka samu ta wannan hanya, Louise Brown, an haife ta ranar 25 ga Yuli 1978 a garin Oldham na Ingila, kuma matsalar mahaifiyarta irin taki ce, toshewar hanyoyin ƙwai. Ta girma, ta yi aure, ta haifi nata 'ya'yan ba tare da dashe ba. A nan gida, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun fara aikin a Legas tun shekarun 1980, Dakta Ibrahim Wada kuma ya samu nasarar haihuwa ta wannan hanya a Abuja a 1998.

Malamai ba su yi jinkiri ba. A 1980 Sheikh Jadul Haƙƙ, wanda a lokacin shi ne Muftin Masar, ya ba da fatawar halascin dashe tsakanin miji da matarsa, tare da haramta shigo da na uku. A watan Oktoba 1986 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ta duba hanyoyi bakwai, ta hana biyar, ta halatta biyu idan akwai buƙata: a haɗa ƙwan mata da maniyyin mijinta a waje a mayar mahaifarta, ko a ɗauki maniyyin miji a zuba a mahaifar matarsa. Dalilinsu bai da wuyar ganewa. Rashin haihuwa cuta ce, kuma an umurce mu da neman magani. Ayar Suratush Shura da ke cewa Allah yana sanya wanda ya so bakarare, bayanin ikon Allah take yi, ba ta hana neman waraka ba, kamar yadda sanin cewa Allah ne mai azurtawa bai hana kowa zuwa gona ba. Yaron da aka samu haka ɗan mijinki ne, sunansa zai ɗauka, zai gaje ku, ku gaje shi, ranar bakwai a yanka masa rago kamar kowa.

Tayin ƙanwarki kuwa, ki gode mata ƙwarai, don ba ƙaramar zuciya ce ke yin irin wannan tayi ba. Amma ki dubi abin da zai biyo baya. Idan aka yi amfani da ƙwanta, maniyyin mijinki ya haɗu da ƙwan macen da ba matarsa ba, kuma macen da shari'a ta hana shi haɗa ta da ke a aure. Yaron ta jini ɗanta ne, ta haihuwa naki ne. Wace ce uwarsa wajen gado? 'Ya'yanta huɗu 'yan'uwansa ne na uwa ɗaya, ko 'ya'yan ƙanwar uwa ne da aure ya halatta tsakaninsu? A garin da auren zumunci yake ruwan dare, wannan tambaya ba ta cikin littafi kawai ba ce, nan da shekara ashirin za ta iya shigowa har tsakar gida da goron tambaya. Idan kuma ita ta ɗauki cikin da ƙwanki, Suratul Mujadala ta ce uwayensu su ne waɗanda suka haife su, ga ta kuma da mijinta da shimfiɗarsa, hadisi kuma ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Kin ga rikicin ya koma kan uba ma.

Akwai abin da ya faru da ke nuna yadda malamai suka yi ta jujjuya wannan batu. A 1984 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yarda kishiya ta ɗauki cikin abokiyar zamanta, tunda miji ɗaya ne. A zaman 1985 suka janye. Hujjarsu ita ce, mai ɗaukar cikin tana iya samun nata cikin daga mijin a kwanakin da aka yi dashen, ta haifi tagwaye ba a san na wa da na wa ba, ko ɗaya ya zube ba a san wane ya tsaya ba. In an rufe ƙofar kishiya, wadda take halas ga mijin, ba a maganar ta ƙanwa. Gaskiya ne ba duk duniyar Musulmi ce ta tsaya a nan ba: a Iran, Ayatullah Khamenei ya ba da fatawa a 1999 da ta buɗe ƙofar karɓar ƙwai bisa sharuɗɗa. Cocin Katolika kuma a ɗaya gefen ta hana dashen gaba ɗaya tun 1987, har tsakanin ma'aurata. Muna faɗa miki ne don kada wani ya zo miki da rabin labari. Malaman da ke zaune a zaurukan Sakkwato, da alƙalin da zai raba gadon gidanku wata rana, suna kan matsayin Makka da Amman ne.

Ma'aikaciyar da ta ce ba wanda zai sani, ta yi kuskure biyu. Na farko, gwajin DNA yau ba abu ne mai wuya ba, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Na biyu, kuma shi ya fi damun mu ta fuskar likitanci, ba a yanke wa mace 'yar shekara 36 hukuncin cewa ƙwanta ya ƙare ta hanyar duban shekarunta. Ana aunawa ne. Ƙwan yarinya 'yar shekara 22 ya fi saurin kamawa, wannan gaskiya ne, kuma yana gyara alƙaluman nasarar asibiti. Asibitin da ya fara miki da wannan tayi kafin ya ɗibi jininki, ki nemi wani.

Ga abin da ya kamata ki riƙe a hannu kafin ki biya ko kwabo, kuma sashen mata na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan ne wurin farawa. Akwai gwajin jini mai suna AMH, ana iya yin sa a kowace rana ta wata, yana nuna yawan ƙwan da ya rage. Idan ya gaza 1, a ma'aunin nanogiram cikin mililita, ƙwan ya yi ƙaranci, amma adadi yake nunawa, ba ya nuna lafiyar ƙwan, kuma mata suna haihuwa da ƙasa da haka. Sai sikanin ta gaba tsakanin rana ta 2 da ta 5 da fara al'ada, a ƙirga ƙananan buhunan ƙwai da ke ma'ajiyar ƙwai ta ɓangarorin biyu. Sai gwajin sinadarin maƙoƙo da na firolaktin, wanda yawansa ke sa nono ya riƙa fitar da ruwa ba goyo, ya kuma hana ƙwai fita. Ku biyun za a duba muku ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da jinotayif. Idan dukanku AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama sikila, kuma ana iya gwada ɗan tayi kafin a dasa, sai dai da ƙarin kuɗi mai yawa.

Abu biyu a wasiƙarki sun fi ɗaukar hankalinmu. Hanyar da ta kumbura da ruwa ba toshewa kawai ta yi ba. Ruwan nan yana tsiyayowa cikin mahaifa, yana hana ɗan tayi mannewa, kuma yana rage nasarar dashe da kusan rabi. Sai an cire wannan hanyar ko an ɗaure ta, yawanci ta tiyatar da ake yi da kyamara ta ƙananan huji a ciki, kafin a dasa komai. Mata da yawa suna jin tsoron a cire musu hanya. Wadda ta kumbura ta riga ta daina aiki, kuma ma'ajiyar ƙwai tana nan ba a taɓa ta. Duk asibitin da ya ce a yi dashe haka nan ba a taɓa wannan ruwa ba, kuɗinki yake so. Ɗaya hanyar kuma a sake duba ta, domin wani lokaci zafin hoton yana sa bakin hanya ya ɗame, ta fito kamar ta toshe alhali a buɗe take. Na biyu shi ne wankin cikin da aka yi miki. Idan tun daga lokacin jinin al'adarki ya ragu sosai, ki gaya wa likita, don yana iya zama bangon mahaifa ne ya manne da juna, sai an leƙa da kyamara an raba. Shimfiɗar mahaifa ana son kaurinta ya kai milimita 7 ko fiye ranar dashe. In kin taso kusa da gulbi ko fadama kina shiga ruwa, ki ambaci tsargiya, in an taɓa tarin fuka a gidanku shi ma ki faɗa, don dukansu suna toshe hanyar ƙwai.

Maigida kuma ya sake awo, domin awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Jiki yana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya ƙera sabon maniyyi, don haka zazzaɓin cizon sauro mai zafi a watan da ya wuce yana iya rusa sakamakon yau. Zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya tara duka a robar da asibiti ya ba shi, ta isa ɗakin gwaji cikin awa ɗaya, ba a rana ba, ba a ƙanƙara ba. Kwaroron roba na kasuwa yana kashe ƙwayoyin, ba a tarawa a ciki. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa iyakar ƙasa a miliyan 16 cikin mililita ɗaya, kashi 42 cikin ɗari masu motsi. Miliyan 5 ya yi ƙasa, amma ba matsala ba ce ga dashe, saboda tun 1992 akwai dabarar ICSI, inda ake ɗaukar ƙwayar maniyyi ɗaya tal da allura mai siririn baki a cusa cikin ƙwai ɗaya. In ƙwanki goma ne, ƙwayoyi goma masu rai kawai ake nema. Likitan mafitsara ya duba shi ko akwai kumburin jijiyoyin maraina. Ya bar taba, ya rage zama kan injin mai zafi in sana'arsa kabu-kabu ce ko tuƙin doguwar tafiya. Ya kuma nisanci allurar testosteron, wato sinadarin mazantaka, da haɗe-haɗen maganin maza da ba a san me ke ciki ba. Wannan allura tana ƙara wa namiji jin ƙarfi, amma tana tsayar da ƙera maniyyi, har a auna a ga babu ko ɗaya.

Aikin kansa yakan ɗauki kamar mako uku. A tsarin da aka fi bi yanzu, rana ta 2 ko ta 3 da fara al'ada za ki fara allura a fatar ciki kullum a lokaci ɗaya, yawanci ma'auni 150 zuwa 300 gwargwadon sakamakon AMH, na kwana 8 zuwa 12, don ƙwai da yawa su nuna tare maimakon ɗaya. Wajen rana ta 5 ko ta 6 a ƙara allura ta biyu mai hana ƙwan fashewa kafin lokaci. Kowane kwana biyu ko uku za a yi sikanin. Idan manyan buhunan sun kai milimita 17 zuwa 18, sai a ba ki allurar ƙarshe mai nunar da ƙwai, a ɗebe su bayan awa 34 zuwa 36. Wannan allura ita ce wadda ba ta karɓar uzuri. In an ce ƙarfe 9 na dare, to 9 ɗin ne. Wadda ta makara ta ɓoye, za a tarar ƙwan bai nuna ba, wadda ta riga lokaci za a tarar ya fashe ya tafi, miliyoyin naira sun bi ruwa. Ɗibar ƙwan ana yin ta da allura ta gaba, kina cikin barcin magani, minti 15 zuwa 30, ba a yanka ciki. Ranar ce maigida zai ba da nasa, don haka dole yana wurin.

Daga nan lissafi yake fara raguwa, kuma gara ki san haka tun yanzu don kada wayar asibiti ta firgita ki. Cikin ƙwai 10, wataƙila 8 ne suka nuna, 5 ko 6 su haɗu, 2 ko 3 su kai rana ta biyar. Ba sakacin kowa ba ne, haka halittar take. Mayar da ɗan tayi kuma ba ya buƙatar barci, siririn bututu ne ta bakin mahaifa, 'yan mintoci. Za ki ci gaba da maganin firojestaron, mai taimaka wa ciki ya zauna, na matsi ko na allura, kada ki daina ko kin ga ɗigon jini sai likita ya ce. Gwajin ciki na jini ana yin sa bayan kamar mako biyu. Kada ki yi na fitsari a gida da wuri, don ragowar allurar ƙarshe tana iya nuna ciki alhali babu. Kwanciya a gado ba motsi ba ta ƙara komai, ki yi sallarki da ruku'u da sujada, ki yi girkinki.

Nasara fa? Alƙaluman hukumar da ke kula da wannan aiki a Birtaniya suna nuna cewa, a kowane ɗan tayi da aka dasa da ƙwan mace kanta, 'yan ƙasa da shekara 35 kusan ɗaya cikin uku ne ke kaiwa ga haihuwa, 'yan 35 zuwa 37 kusan ɗaya cikin huɗu, 'yan 40 zuwa 42 kusan ɗaya cikin goma. Wato a shekarunki, rashin kamawa a karon farko ya fi kamawa yawa, kuma kowace shekara da ta wuce tana cin rabonki. Saboda haka muke cewa kada ki yi gaggawar sayar da fili, kuma kada ki yi shekara biyu kina jiran Inna ta sauko. Ki sa wa kanki wata uku na gwaji da tiyatar hanyar nan. Kuɗin zagaye ɗaya miliyoyin naira ne, kuma farashin magani yana bin dala. Ku yi lissafin zagaye biyu ko uku, ku yanke tun yanzu inda za ku tsaya. Shawararmu, kada dukiyarki ke kaɗai ta tafi, tunda matsalar ta ku biyu ce, maigida ma ya sa hannu a aljihu. Gidan da kuke ciki kuma ba a sayar da shi don wannan.

Haɗari biyu ne ya kamata ki sani da kyau. Wani lokaci ma'ajiyar ƙwai tana amsa allura fiye da kima, musamman ga mai AMH mai yawa. Alamunsa suna zuwa bayan ɗibar ƙwai: ciki ya kumbura ya yi tauri, amai, fitsari ya ragu, numfashi ya yi wuya, nauyi ya ƙaru da kilo ɗaya a yini. Wannan na asibiti ne a daren, ba na jiƙo ba. Likitan da ya san aikinsa yana kauce masa ta canja allurar ƙarshe, ya daskarar da 'yan tayin duka, a dasa wani watan. Na biyu shi ne kwaɗayin Hassan da Hussaini. Za a ce miki a zuba uku ko huɗu don kuɗinki ya fito. Fiye da rabin tagwaye bakwaini ake haifar su, 'yan uku kuwa kusan duka, ga hawan jini da jijjiga ga uwa, ga ƙarancin kwalbar rainon bakwaini a asibitocinmu. Idan huɗu suka kama, za a zo miki da maganar rage wasu, mazhabar Malikiyya kuwa ita ce mafi tsanani kan taɓa ciki tun daga lokacin da ya zauna a mahaifa. Ɗaya mai kyau na rana ta biyar ya isa, in ya yi yawa biyu. Ki kuma sani ciki yana iya zama a wajen mahaifa ko da dashe ne, don haka sikanin na mako na 6 zuwa 7 wajibi ne.

Ragowar 'yan tayin ana ajiye su cikin sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari suna farfaɗowa a ɗakin gwaji mai kyau. Dasa su daga baya ya fi sabon zagaye sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Majalisar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1990 ta ce a yi ƙoƙari kada a haɗa fiye da buƙata, in an samu ragowa a bar su su ƙare da kansu, kuma haramun ne a dasa wa wata mace. Mafi yawan malaman da suka yarda da ajiya sun sa sharaɗin aure yana nan. In miji ya rasu ko aure ya mutu, ba a dasawa. Zaɓen namiji ko mace kuma, majalisar Makka a 2007 ta taƙaita shi ga guje wa cutar gado mai bin jinsi ɗaya.

Duk wannan ba zai kare ki ba sai ya hau takarda. Najeriya ba ta da cikakkiyar dokar tarayya da ke tsara wannan sana'a, saboda haka takardar yarda da za ku sa wa hannu ita ce katangarku. A rubuta ƙarara cewa ba ku yarda da ƙwai, ko maniyyi, ko ɗan tayin wani ba ko da naku ya gaza, a dakatar da aikin a sanar da ku. A rubuta adadin da za a dasa, da abin da za a yi da ragowa, da hukuncinsu in mutuwa ko rabuwa ta zo. Ku karɓi kwafi. Ku tambaye su: mutum nawa ne ke tabbatar da suna a kan kowane faranti, don ƙa'ida mutum biyu ne, me ke riƙe na'urar rainon 'yan tayi in wuta ta ɗauke, cikin mata masu shekarunki da suka fara zagaye da ƙwansu, nawa suka rungumi jariri, ba nawa gwaji ya nuna ciki ba, kuma farashin ya haɗa da magani, ICSI da kuɗin ajiya na shekara? Ki nemi likita mace in akwai, in babu namiji amintacce tare da ma'aikaciya ko mijinki a ɗakin, haka malaman Makka suka tsara. Asibitin Ƙasa da ke Abuja yana da sashen dashe, kuna iya fara kwatanta farashi da shi. Duk inda aka ce kina da cikin da sikanin ba ya gani, ko aka hana ki zuwa wani asibiti a duba ki, ki gudu, wannan damfara ce da ke ƙarewa da miƙa wa mace jaririn da aka sayo.

Zafin garinmu ma yana cikin lissafi. Yawancin alluran nan suna son sanyin digiri 2 zuwa 8. A watan Afrilu, da zafi ke haura 40, firjin da wuta ke ɗaukewa yini guda ba wurin ajiyarsu ba ne. Ki tanadi kula da ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, kada kwalbar ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye, don in ta daskare ta lalace. Mafi sauƙi ki tare kusa da asibitin tun daga fara allura har dashe, maimakon zirga-zirga a hanyar Gusau da Funtuwa. Kada ku sa zagayen cikin azumi, jikinki zai buƙaci ruwa sosai. Folik asid kuma, maikirogiram 400 kullum, ki fara yau.

Maganar Inna ba taki ba ce, ta ɗanta ce. Suruka ba ta karɓar fatawa daga bakin matar ɗa, ko da gaskiya ce tsantsa. Shi zai je, da malamin da take girmamawa, a yi mata bayanin farantin nan da kwana biyar ɗin nan. Ba dole ya buɗe mata takardar awonsa ba, sirrinsa ne, kuma kin kyauta da kika rufa. Amma bai dace ya bar ki ke kaɗai kina shan gori ba. Ya isa ya ce mata, likita ya ce matsalar daga mu biyu take. Ƙarin aure haƙƙinsa ne, sai dai ya sani da miliyan 5 marasa kuzari, amarya ma tana iya shekaru tana jira, sannan gari ya gane abin da yake ɓoyewa.

In kuma an gwada, ƙwanki bai samu ba, ƙanwarki tana da hanyar taimakonki da shari'a ta buɗe, wato nono. Idan kuka ɗauki riƙon jariri namiji, maraya ko na dangi, ta shayar da shi cikin shekara biyun farko, ke kin zama 'yar'uwar uwarsa ta shayarwa, muharramarsa har abada, ba hijabi tsakaninku. A Malikiyya ko tsotso ɗaya ya isa in nonon ya kai ciki. In mace ce, 'yar'uwar maigida ce za ta shayar, shi ya zama kawunta. Yaron zai ci gaba da amsa sunan ubansa, kamar yadda Suratul Ahzab ta yi umurni, ba zai gaje ku ba, amma kuna iya yi masa kyauta da ranku ko wasiyya har sulusin dukiya.

Wannan sai in an kai can. A yanzu, ranar da al'adarki ta gaba ta zo, ki ƙirga rana ta biyu ki je a yi sikanin da AMH, maigida ya bi ki da robar awonsa, ku nemi ranar ganin likita kan hanyar nan mai ruwa. In sakamakon ya fito, ki sake rubuto mana da lambobin. Allah ya ba ku zuri'a ɗayyiba.